Aulis da Rufin Ɗakin Surace

Shekara talatin Aulis Kettunen ya yi a ƙarƙashin gadoji, kansa a ɗage, yana manna baƙaƙen ɗamaru na zaren kabon a jikin kankaren da ya gaji. Aikin ya bar masa wuya a sandare, idan ka kira shi sai ya juyo da jikinsa duka. Da ma ba kowa ke kiransa ba. Matarsa Sirkka ta rasu, ɗansu yana Sweden, sai an ga dama ake bugo waya.

A benenmu na garin Lahti gaisuwarsa gyaɗa kai ce. Amma ranar Asabar da yamma, lokacin da maza ke shiga ɗakin suracen da ke ƙasa, sai ka rantse wani aka sauya. Da an watsa ruwa a kan duwatsun da murhu ya gasa tururi ya tashi, bakinsa ya buɗe ke nan: kifi, gwamnati, ciwon gwiwa, har Sirkka. Reijo, tsohon direban bas, yakan ce, “Kai tsoho, ka bar mana na mako mai zuwa mana.” Maganar mako guda yake tarawa ya juye mana, mu duka mun sani.

Sai rufin ɗakin ya tsage, kankaren ya fara sunkuyowa. A samansa kuwa wasu mata da miji ne da 'yan biyu. Wa za a nema in ba Aulis ba? Ya kankare, ya shafa gam, ya manna ɗamarunsa, aiki tsaf. Da ya gama ya tara mu, ya ce ba za a ƙara kunna murhun ba.

“Gam ɗin nan, zafin kofin shayi ma sassauta shi yake,” in ji shi. “In ya yi laushi, ɗamarar ta saki kankare, sai dai labari.”

“To a rufe shi da wani abu mana,” in ji Reijo.

“Jinkirta zafin kawai zai yi. Rufin ma ga shi a kan sanƙonka.”

“Aulis, sau ɗaya ne fa a mako. Da ka ja bakinka, wa zai sani?”

“Gadon yaran a nan yake,” ya nuna da yatsa.

Haushi ya kama ni ranar, ba na Reijo ba, na yadda abin ya faɗa a kan wanda ya fi kowa buƙatar ɗakin. Tun kafin ya buɗe gwangwanin gam ɗin ya san abin da zai rasa.

Ba wanda ya yi faɗa da shi. Watsewa kawai aka yi. Reijo ya koma suracen surukinsa a bakin tafki, wasu suka koma na wurin ninƙaya. Aulis ya je can sau ɗaya, ya ce hayaniyar yara ta yi yawa, ba a jin magana.

Wata Asabar na sauka ɗauko keke, na tarar da ƙofar ɗakin suracen a buɗe. Aulis yana zaune a benci na sama da rigar sanyinsa, tafin hannunsa a jikin baƙar ɗamarar.

“Ta kama?” na ce.

“Ta kama.”

Na ɗan tsaya ko zai ƙara wani abu. Ya buɗe baki, ya dubi duwatsun, ya rufe.