Tarihin Malam Muktar Nababa, Mai Fijo ta Wani

Haihuwa

An haifi Malam Muktar Nababa a shekarar 1946 a Tudun Wadan Zariya. Mahaifinsa Malam Kure maƙeri ne, sunan mahaifiyarsa Hansatu.

Koyon sana'a

Bayan ya sauke Alƙur'ani, a 1960 aka kai shi wani gareji a Sabon Gari, zamanin da ake tayar da mota da ƙarfen wani, a zura shi ta gaba a murɗa injin da ƙarfin damtse. A nan ƙarfen ya taɓa dawowa ya karya masa babban yatsa, a nan kuma ya haɗu da Alexander, abokin koyonsa, wanda suka yi amana har ƙarshen rayuwa.

Aiki da iyali

A 1968 aka ɗauke shi direba a wata ma'aikatar tarayya. Ya zauna Kaduna da Legas, kana aka mayar da ma'aikatar tasu Abuja a 1991. Tun a 1975 ya sayi wata tsohuwar Fijo ƙirar 1959 a wajen gwanjo, bai kuwa sake mallakar wata motar ba. Ya auri Rekiya, 'yar Okene, a 1979. Da ya yi ritaya a 2003 sai ya gina ɗaki uku a Lugbe, a gefen Abuja, da rumfar kwano domin motar.

Shekarun ƙarshe

Ƙa'idarsa ɗaya ce game da cok, wato ɗan maɓallin da ake ja a rage wa inji iska domin mai ya yawaita: da sanyin safiya a ja shi rabi, kada ƙafa ta taɓa totur, da ta kama a mayar. Ya yi ta neman autansa Surajo, wanda ya gama sakandare yana zaune, ya koyi wannan.

"Baba, keken ɗinki fa abokaina ke ce mata."

"Keken ɗinkin ne ya kai uwarka asibiti ranar da za a haife ka. Zo ka riƙe ƙarfen nan."

"Ni ba zan yi wa mota wani a gaban mutane ba."

Malam bai ƙara yi masa maganar ba.

Rasuwa

Ranar wata Alhamis cikin Agustan 2019, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, ciwon ƙirji ya kama Malam. Taɓo ya hana masu Keke Napep shiga layin. Aka kwantar da shi a kujerar baya ta motarsa, Surajo ya zauna a sitiyari. Ya ja cok har ƙarshe, ya yi ta taka totur yana murɗa makulli har batir ya mutu, mai ya jiƙa filogi. Ya ɗauko ƙarfen wani, bai ma san ramin da ake zura shi ba. Mahaifin ya ɗaga hannu sau biyu, ɗan bai waiga ba. Sai bayan minti arba'in aka samu motar maƙwabci, rai kuwa ya yi halinsa kafin su kai Ƙofar Gari ta shiga Abuja.

An yi masa sutura bayan La'asar a maƙabartar Gudu, yana da shekara saba'in da uku. Ya bar matarsa Rekiya da 'ya'ya uku: Juwairiyya, Abdulmajid da Surajo. Allah Ya jiƙansa.

Duk wanda ya tambaya, Surajo ya ce tsufa ne ya kashe motar, jama'a suka yi ta Allah wadai da ita. Ranar sadakar uku Alexander ya iso yana dogara sanda, ya wuce rumfar motar, ya leƙa cikin motar. Ya tura maɓallin cok ya koma, ya kwance filogi ya goge da bakin rigarsa, ya sa aka jona batirin maƙwabci. Murɗa biyu ya yi wa ƙarfen, ta tashi. Tsohon ya juyo wajen tabarmar iyali.

"Rekiya, motar ɗan'uwana lafiyarta ƙalau. Wa ya ja mata cok har ƙarshe?"