Igiyar da Ba a Ɗaurewa

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya yi ci-rani a Yawuri yana saurayi, ya dawo da labarin kwalekwalen da ke tafiya ba a tuƙa shi, sai dai a ɗaura masa ƙyalle iska ta tura. A ƙauyenmu na ƙasar Faskari ba wanda ya yarda. Taubashinsa ne ya fi matsa masa. Ko a wurin jana'iza suka haɗu sai ya raɗa masa, "Sarkin ruwan kan tudu, ina jirgi mai zane?" Malam yakan yi dariya, amma ni da nake kai masa tuwo na san abin yana cinsa. Mutum ya yi furfura ana ce masa maƙaryaci, ko da wasa ne, ba daɗi.

Wata kaka, madatsar ruwan da ke bayan gonakinmu ta cika maƙil, wani masunci ya ara masa tsohon kwalekwale. Malam ya shigo gida da buhunan taki shida ya zube a gabana. Na farke su, na wanke, na haɗa da basilla. Ya sa na kalmashe bakin da igiyar rama a ciki don kada ya yage, na kuma yi wa gefen sama 'yan kunnuwa, taƙi guda tsakanin kowane biyu. Shi ya kafa gora a tsakiyar jirgin, ya ɗaure kunnuwan nan ɗaya bayan ɗaya a jikin wata gorar, ya ja ta sama ta gicciye. Kusurwar ƙasa guda ya ɗaure a gindin gorar. Ɗayar kuwa ya sa mata doguwar igiya ya bar ta tana reto.

A gidanmu ba a barin igiya sake. Da na kai masa fura bakin ruwa yana can yana gardama da mutane, na ga igiyar nan, na ce tsufa ya sa ya manta. Na ɗaure ta tamau a jikin katakon zama, irin ɗaurin da nake wa akuya.

Suka shiga shi da taubashin. Iska ta buso, buhunan suka kumbura, jirgin ya yi taku kaɗan ya kife. Ruwan iya ƙirji ne. Taubashin ya fito ba hula yana tofar da laka yana cewa, "Jama'a ku shaida, ya tafi! Ƙasa ya tafi!" Har masu wanki suka riƙe ciki.

Malam ya juyo da jirgin, ya ga ƙullin. Ya san hannuna. Ya dube ni, ya sa haƙori yana kwancewa.

Na ce da ƙarfi, "Ni na ɗaure."

Ya ce, "Wannan ba a ɗaure ta, uwargida. A hannu ake riƙewa. In iska ta ja ki saki kaɗan, in ta lafa ki jawo." Ya waiwayi taubashin, "Shigo mu sake."

"Ni? Matana biyu, ban gaji da su ba."

Ban taɓa shiga jirgi ba, ko rafi da kyar nake ƙetarewa. Na tattare zanena na shiga na zauna. Ya miƙo mini igiyar, ya koma baya da sandarsa ta tuƙi. Da iskar ta zo na ji ta a tafin hannuna kamar ɗan maraƙi yana fizga. Na saki kaɗan. Jirgin ya miƙe, ruwa yana ƙara a ƙarƙashinmu, hayaniyar mutane tana raguwa. Na waiwaya na ga Malam ya ɗora sandar a cinya, ya ɗaga hannuwansa biyu sama don kowa ya gani ba ya tuƙi. Dakata kaɗan, hawaye nake. Fuskar nan ce ba na iya tunawa ban yi kuka ba, gemu na ɗigar ruwa, bakin nan har kunne.

Sai da taubashin ya zagayo madatsar da ƙafa kafin ya iske mu a ƙetare. Ya tsaya yana haki, ya shafa buhunan, ya ja igiyar ya saki.

Ya ce, "To, wannan kam ka yi gaskiya, na janye. Amma kifin nan da ka ce ya fi jaki girma, sai na gani da idona."