Goron Yayana da Takardar Mai Jan Biro

Ko zan manta komai na zamana a Agege, ban da shekarar da yayana ya riƙe goronsa kwana ashirin da ɗaya saboda zanen wani mutum. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, naira ma ba ta daɗe da fitowa ba. Yayana yana sayen goro a ƙauyukan Yarbawa, a ɗaure huhu-huhu, a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Kano. Ni da na ɗan taɓa boko, tasha ce wurina. Shekara uku kullum ina rubuta abu biyu: huhu nawa ya bar Agege, da farashin da direbobi suka baro a Kano. A hankali na gane cewa in kaya ya cika tasha, bayan mako guda farashi zai faɗi a can, in ya yi ƙaranci kuma zai tashi. Ba mu yi arziki da wannan ba, amma jarin yayana bai taɓa girgiza ba.

Sai ga wani ɗan unguwarmu, haifaffen Legas, wanda ya taɓa aiki a shagon cacar ƙwallo. Ya zo da takarda mai gida-gida da jan biro. Yayana ya sa na miƙa masa littafina, ina ji ina gani. Ya zana farashin yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, ya nuna wani wuri a zanen ya ce ga kai, ga kafaɗu, wai alamar farashi zai tashi ke nan. Sannan ya jero lambobi, uku, biyar, takwas, sha uku, ashirin da ɗaya, kowace jimlar biyun da suka gabace ta. Wai a kansu duk kasuwannin Turawa ke tafiya.

"Oga, number no dey lie," in ji shi, wai lamba ba ta ƙarya. "Ka riƙe kayanka, ranar ashirin da ɗaya sai dai ka zaɓi motar da za ka saya."

Yayana ya zuba jarinsa kaf a goro, ya kulle ɗaki. Ba a yi kwana goma ba na ga tasha ta yi fayau, ba mai ɗora ko huhu ɗaya. Da na bi diddigi, ashe mutumin ya sayar wa kusan kowane ɗan goro a layinmu takarda iri ɗaya, yana ce wa kowa sirri ne.

Na garzaya wurin yayana, na ce Kano ba goro, farashi na ta hawa, mu ɗora yau tun kowa na jira. Sai ya ce ai hawan da yake yi shi ne shaidar takarda ta yi gaskiya.

"Yaya, don kun ƙi ɗorawa ne yake hawa," na ce.

"Kai ƙirgar huhu ka iya, ko ɗan dako ya iya wannan. Nan ilimi ake magana."

A gaban mutane ya faɗa, suka yi ta dariya. Na haɗiye, don ba a tayar da mu da sa-in-sa da babba ba.

Ranar ashirin da ɗaya kowa ya fito da kayansa. Taragu suka kasa, namu ya kwana huɗu a tasha rana na dukansa. Ya isa Kano tare da na kowa, farashi ya faɗi warwas, da aka kwance kuma rabi duk sankara ta cinye. Mutumin da ke ciyar da gida uku ya koma ɗaure wa wasu huhu ana biyansa.

Mai jan biro ko gezau. Ya ce daga ranar da ba daidai ba aka fara ƙirga, kuma lamba ta gaba talatin da huɗu ce. Wallahi da idona na ga mutane sun sake zagaye shi suna gyaɗa kai. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da yayana ya kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Anya ba kai ka yi kuskure a littafin nan ba?"

Tun daga ranar na ɗauki darasi. Duk wanda ya kawo mini lissafin kasuwa, tambaya biyu nake masa: me ya ƙirga da idonsa, kuma mutum nawa ya faɗa wa kafin ni. In ya fara kame-kame, ba na bari ya zauna a tabarmata.