Motar da Baba Sumul Ya Fenta Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin bayan tasha a shekarun baya ya san Sumul. Ba sunan yanka ba ne, direbobi ne suka laƙaba masa, don in ya fesa wa mota fenti ka shafa da bayan hannu, ba za ka ji ko ƙwayar gargada ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wannan aiki, kuma ga shi da baƙin tsantseni. Ranar feshi ba mai shara a garejin, sai ya yayyafa ruwa a ƙasa da hannunsa don kada ƙura ta tashi. Ya taɓa kankare ƙofar mota guda saboda silin gashi ɗaya da ya maƙale a fenti, mai motar yana rantsuwa shi bai ma gani ba. Sumul ya ce, "Ni na gani."

Tari ne ya raba shi da garejin. Likita ya ce masa ya zaɓa, ko fenti ko huhu. Ya dawo gida ya zauna a baranda, ya zama ɗan sa ido kan motocin unguwa. In wata ta wuce da fenti mai zuba, sai ya ja tsaki kamar shi aka zaga.

'Ya'yansa biyar duk da fentin nan ya yi musu karatu, amma babu wanda ya taɓa riƙe bindigar feshi. Bai taɓa cewa abin yana damunsa ba, sai dai matarsa ta sani. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Auta, wanda tun yana ƙarami in uban ya dawo daga aiki yake toshe hanci yana cewa Baba yana warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Yanzu Auta ya kai talatin, yana aiki a wani ofis, kuma yana ɗora bidiyon barkwanci a waya, mutane suna kallo.

Wata Asabar sai ga Auta da ƙaton kwali a kafaɗa. Ya dire a gaban uban ya buɗe. Mota ce ƙarama, tsawon kamu biyu, irin wadda ake tuƙawa da rimot, mai hawa duwatsu da ratsa taɓo. Amma a warwatse take, komai a ƙulle cikin 'yar ledarsa.

"Baba, mu haɗa tare. Kai ka fenta, ni in riƙa ɗauka a waya. Ina so in koyi hannunka, jikokinka ma su gani."

Sumul ya ce shi ba yaro ba ne da za a kawo masa kayan wasa. Yana faɗa yana jujjuya tayar a hannu, yana latsa ƙullutunta da babban yatsa. Kafin la'asar ya sa an kawo masa kiret ɗin ƙwai, ya rarraba notuna da kusoshi a ramukan, manya daban, ƙanana daban.

Takardar bayanin da ke cikin kwalin da harshen waje aka rubuta ta, ga rubutun ƙanana, ga idon tsohon ya yi rauni. Don haka Auta ne ke riƙe da ita, shi ke karantawa yana fassarawa. Asabar huɗu suka yi a kan ƙasan motar. Suka haɗa giya, suka ɗura wa shokozoba mai, suka ɗaura tayoyi, suka sa batir. Sumul yana faɗa, Auta yana dariya. Matar ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, tun da muka yi aure ban ga ka yi wa wani bayani sau biyu ba tare da ka jefe shi da wani abu ba."

"Wannan ɗalibin na musamman ne," in ji shi. Kai, mutumin nan har tarin ma ya lafa masa.

Sai aka zo kan bodi. Roba ce garau, kana hango yatsunka ta cikinta. Sumul ya shafa bayanta, ya tsaya, ya sake shafawa. Ya ce yana jin wani irin laushi da bai gane ba, kuma ga wani ɗan baki yana ɗagawa a gefen taya.

"Me takarda ta ce a kan wannan?"

Auta ya duba, ya juya shafi. "Haka robar take, Baba. Kada ka taɓa wurin. Ka yi yadda ka saba kawai."

To, ya yi yadda ya saba. Ya wanke ta, ya goge, ya ɗan taɓa ta da sanfefa mai laushi. Ya yayyafa ruwa a tsakar gida, ya hana matarsa shara, ya ɗaura ƙyalle a hanci don ta daina yi masa faɗan likita. Ya fesa shimfiɗar farko ya bar ta ta bushe kwana biyu. Sannan ya bi da shuɗi mai duhu, irin na motar farko da ya fenta shi kaɗai yana saurayi. Ya manna tef ya fitar da faffaɗan layi ruwan lemo daga fitila zuwa fitila. A ƙarshe ya ɗauki burushi mai gashi kaɗan ya ja siririn layi ruwan zinariya, da hannu, babu tef, babu maimaici. Hannun da kowa ke cewa ya fara rawa, ko motsi bai yi ba.

Sati uku ya yi a kan wannan, kuma duk abin da yake yi yana yi wa wayar bayani, amma da Auta yake. Yadda ake riƙe gwangwani, nisan da ake bayarwa, yadda ake fara feshi a iska kafin a shigo kan mota. Abubuwan da ya hana mutane da yawa a gareji, ya zazzage su duka. Ya ce wa matarsa, "Ashe yaron nan yana kallona duk shekarun nan."

Auta ne ya ce a gayyato tsofaffin abokan aikin Baba ranar da za a fito da motar. Mai walda ya zo, mai faci ya zo, maƙwabta suka taru a filin bayan gida. Sumul ya sa farar riga. Da aka ɗage zanen da ya rufe motar, mai walda ya durƙusa ya shafa da bayan hannu, ya ce, "Allah ya ja kwana! Sumul yana nan." Auta kuwa waya biyu ya kafa, ɗaya a kan motar, ɗaya a kan fuskar ubansa.

"Baba, saura abu ɗaya. Ka kama ɗan bakin nan na gefen taya ka ja."

Ya kama ya ja. Sai fentin ya biyo hannunsa. Ba ɓarewa ya yi kaɗan-kaɗan ba, gaba ɗaya ya taso kamar an tuɓe wa yaro riga, shuɗin da lemon da zinariyar, ya bar roba garau kamar ranar da ta fito daga kwali. Ashe wata siririyar leda ce masu yin motar suke mannawa a waje don kada robar ta ƙarce, ita ya yi sati uku yana fentawa.

Sumul ya tsaya da leda a hannu tana lilo. Abin da ya fi ci mini rai a duk labarin nan shi ne maganar da ta fara fitowa daga bakinsa. Kansa ya zarga. A gaban mutanen da suka san shi shekara talatin, ya ce da ƙaramar murya, "Ban wanke ta da kyau ba ke nan. Hannuna ne."

Auta ya tuntsire da dariya, ya juya ga waya. "Jama'a, irin wannan motar ta ciki ake fenta ta! Gwanin fenti ya fenta leda!"

Sai filin ya ɗauka. Mai faci har da riƙe ciki. Matar ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta zo ta zare takardar bayanin daga aljihun Auta ta miƙa wa mijinta. Ya sa gilashi ya buɗe. Shafi na goma sha ɗaya a lanƙwashe yake. Ba a ma bukatar karatu: ga hoton hannu yana feshi ta cikin bodi, ga wani yana feshi ta waje an gicciya masa ƙaton jan layi.

"Ranar da na tambaye ka, wannan shafin ka juya?"

"Haba Baba, wasa ne fa."

"Na ce shi ka juya?"

"Shi ne."

Sumul ya naɗe ledar a hankali, ya ɗauki motarsa ya shige gida.

Bidiyon kuwa ya zaga gari. Bayanin sati uku duk an yanke, an bar daƙiƙa arba'in: tsoho yana cika baki, tsoho yana jan leda, sai fuskarsa da aka matso da ita. Auta ya cire shi bayan uwarsa ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa, amma ina, ya riga ya shiga wayoyin mutane. Sumul ya fita sayen magani wani direba ya leƙo ta taga ya ce, "Baba Leda, ina gajiya?" Sunan da ya yi shekara talatin da huɗu yana shaƙar tina a kansa, ɗansa ya sauya masa shi da rana tsaka. Ba dariyar ce ta fi yi masa ciwo ba. Asabar bakwai ɗin nan ne, da ya zaci koyo ake yi.

Bayan wata guda ya sake yayyafa ruwa a tsakar gida, ya sa sakata a ƙofa. Ya kifa bodin ya fenta ta ciki. Aikin a juye yake, abin da ya saba yi a ƙarshe shi ne na farko: siririn layin zinariya tukuna, sannan lemo, shuɗi ya rufe su. Dama ta koma hagu, kuma in ka yi kuskure ba ka gani sai ka juyo. Ya yi shi kaɗai, ba wanda ya yi wa bayani. Da ya gama motar ta fi ta farko ƙyalli. Matar ta shafa ta ce sumul. Ya ce, "Wannan santsin na roba ne, ba nawa ba. Nawa yana cikin durowa a naɗe."

Auta ya zo ranar Asabar, ya ajiye wayarsa a kan taga tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaida ubansa. Ya ga motar a kan tebur. Ya ɗaga ta ya leƙa ciki, ya juyo, ya sake leƙawa, ya daɗe yana bin layin zinariyar da ido. Wannan karon da gaske yake, ko kurma zai ji a muryarsa.

"Baba, don Allah, yaya aka yi ka ja wannan a juye? Nuna mini."

Shekara ashirin da wani abu Sumul yana jiran tambayar nan. Ya miƙa hannu ya ɗauko takardar bayanin, ya tura masa a kan tebur.

"Yana shafi na goma sha ɗaya," ya ce. "Ai kai ka iya karatu."