Jan Ƙyalle a Keken Yayana

Shekarun baya sosai, ƙasarmu ba ta daɗe da samun ƴancin kai ba, ina planto, wato masinja, a biron kumandan na Dakoro, ofishin mai mulkin gari. Aikina in kai takarda, in karɓo takarda, in yi tafinta idan mutumin ƙauye ya kawo ƙara. Shekara huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, ba ƙari, amma a lokacin shekara huɗu ta isa a sa ma mutum kaki. Ina da wata ɗabi'a da har yau ban rabu da ita ba: ba na iya magana sai na jera ta, na ɗaya kaza, na biyu kaza. Ƴan kasuwa suka laƙaba mani Na-ɗaya-na-biyu. Ban ji haushi ba, don ni a lokacin yabo na ɗauke shi.

Hanya guda ce mai tauri a garin, wadda aka zuba ma marmara daga biro zuwa kasuwa. Sauran duk rairayi ne. Saboda haka kowa ita yake hawa: mai keke, mai jaki, mata da ƙoren nono a ka, Buzaye da raƙumansu daga wajen Azagor, da kamyon, babbar motar da ke zuwa daga Maraɗi ranar kasuwa ya sauke kaya ya ɗauki gujiya. Kowa tsakiya yake bi, sai an yi kiciɓis sannan a kauce.

Kumandan ya gaji da hayaniya, ya ba ni usur, ya ce duk ranar kasuwa in tsaya bakin hanya in gyara tafiya. Na zauna na tsara doka uku. Na ɗaya, mota da keke idan za su kauce, su kauce hannun dama. Na biyu, masu tafiya a ƙasa su bi gefe. Na uku, mai gaisuwa ya sauka daga hanya kafin ya durƙusa. Ta ukun ta fi ba ni wahala, don mutumin Dakoro inda ya haɗu da surukinsa nan zai tsuguna, ko tsakiyar hanya ce, kuma ba zai tashi ba sai ya tambayi gida da gona da gajiyar shekaranjiya.

Ban raga ma kowa ba. Na taɓa busa ma wani dattijo mai rawani usur har sandarsa ta faɗi. Mutum guda ne kawai ban taɓa busa mashi ba.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mani aure. Ya yi shekaru a Katsina yana fataucin yadi, a shekarar ya dawo gida da sabon keke baƙi mai ƙararrawa da madubi. Can ya koyi hawa. Nijeriya kuwa a lokacin hagu ake bi, irin na Ingilishi, mu nan dama, irin na Faransa. Hannunsa hagu ya koya, kuma ba wanda ya taɓa ce mashi akwai wata hanya.

Kasuwar farko na gan shi ya haɗu da mushen lakwal, wato malamin makaranta, kowa bisa kekensa. Yayana ya kauce hagu, mushe ya sa ƙafa ƙasa da sauri, suka wuce da dariya. Na sa usur a baki, na cire, na ce, “Barka da hantsi, Yaya.” Kasuwa ta biyu haka, ta uku haka. Kullum sai in ce bari mu koma gida in faɗa mashi. Idan mun koma sai in zauna gabansa kai a sunkuye, yana zancen tsadar yadi, ni kuma in rasa ta inda zan shiga. A gidanmu ƙane ba ya gyara ma wa. Idan ta kama dole, ta bakin uwa ake bi. Har na tsara abin: na ɗaya in gaya ma Inna, na biyu ita ta gaya mashi. Ko na ɗayan ban yi ba.

Shofer ɗin kamyon abokina ne, benci guda muka zauna a lakwal. Ya tafi Maraɗi ya koyi tuƙi har ya samu farmi, wato takardar izinin tuƙi, kuma da wannan takarda gidansu duka ke ci. Duk lokacin da ya shigo gari ya gan ni da usur, sai ya danna ƙaho sau biyu ya leƙo ya ce na ɗaya, na biyu. Ni kuma in ɗaure fuska kamar ban san shi ba.

Kasuwa ta huɗu, da hantsi, kamyon ya shigo daga kudu da buhunan gishiri. A hankali yake tafe, don mata na tsallaka hanya. Yayana ya taho daga kasuwa bisa kekensa, a tsakiya. Sun ga juna tun daga nesa, ba mai gudu cikinsu. Abokina ya kauce dama, yadda aka koya mashi. Yayana ya kauce hagu, yadda aka koya mashi. To mutum biyu idan suna fuskantar juna, daman wannan shi ne hagun wancan, gefe guda ke nan. Abokina ya ƙara kaucewa, yayana ya ƙara binsa. Abokina ya taka birki, marmara ta ja tayar. Sai ƙara.

Ina tsaye, bai fi taku ashirin tsakaninmu ba, usur na bakina. Ban busa ba.

Ƙafar yayana ta karye ƙasa da gwiwa. Aka ɗauke shi bisa tabarma zuwa gida, aka kira maɗori. Jandarma suka karɓe farmin abokina, suka rufe shi a ɗakin bayan biro. Aka ce da safe kumandan zai saurari maganar. Idan laifin shofer ne, farmi ya tafi ke nan, shi kuma sai gidan kaso. Mutanen da suka gani suna da yawa, amma duk abin da suke cewa shi ne mota ta buge mutum. Ba ruwansu da dama ko hagu, babba ya taka ƙarami, shi ke nan. Wanda aka ajiye wurin takanas don ya gani ni ne, kuma ni za a tambaya.

Bayan la'asar, da maɗori ya gama ya tafi, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Gobe za a tambaye ka.”

Na ce, “Haka ne, Inna.”

Ta ce, “Ban ce ka yi ƙarya ba. Ba mota ce ta same shi ba? To ka ce mota ta same shi, ka tsaya nan. Mi zai sa ka ƙara? Ɗan'uwanka na kwance, kar ka sa a ce shi ya jawo ma kanshi.”

Abin da ta faɗa ba ƙarya ba ne. Mota ce ta same shi. Na ce mata Allah ya ba shi lafiya, na fito.

Daga nan na ɗauki kwanon fura na kai ma abokina. Ta taga na miƙa mashi. Fuskarsa ta faɗa kamar wanda ya yi wata yana jinya. Ya fara tambayar jikin Yaya, na ce da sauƙi. Na zaci zai roƙe ni, har na shirya abin da zan ce. Bai roƙe ni ba. Ya kurɓi fura, ya yi ɗan murmushin dole, ya ce, “Na-ɗaya-na-biyu, gobe ka jera masu yadda kake yi mana. Kar dai ka tsallake ko guda.”

Da safe na sa kakina na tsaya gaban kumandan, wurin da na saba tsayawa in yi ma wasu tafinta. Na ce na ɗaya, kamyon a hankali yake tafiya. Na biyu, shofer ya kauce dama bisa doka. Na uku, mai keke ya kauce hagu, don a Katsina ya koyi hawa. Kumandan ya tambaya ko mai keken ya san dokar garin. Nan zan iya cewa ban sani ba, a wuce. Na ce na huɗu, bai sani ba, kuma ni na gan shi kasuwa uku yana haka ban faɗa mashi ba, saboda wana ne.

Da kumandan zai yi magana bai yi da Faransanci ba, da Hausa ya yi, yadda duk wanda ke wurin zai ji. Ya ce, “Ashe usur ɗin don baƙi kaɗai na ba ka.” Ya miƙa ma abokina farminsa, ya ce ya tafi. Ya buɗe hannu, na ɗora mashi usur, ya jefa cikin aljihun tebur ya rufe.

A gida kuwa Inna na amsa gaisuwata da kalma guda. Yayana idan na shiga duba shi sai ya juya fuska bango. Na ɗauka fushin shaidar da na bayar ne, na ce to, na cancanta. Haka muka yi mako guda. Ran nan da safe ya aiko matarsa ta kira ni. Na shiga na durƙusa nesa da shimfiɗarsa.

Ya ce, “An ce ka ce sau uku ka gan ni.”

Na ce, “Haka ne, Yaya.”

“Kana kallo?”

“Ina kallo.”

“Kunyata ka ji.”

Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa karan da aka ɗaure ƙafar da shi, ya ce, “To ga kunyar taka nan, an ɗaure ta da kara.”

Ya ce shi bai ga laifin shofer ba, da idonsa ya ga mutumin na kauce mashi shi kuma yana binsa, kuma da an kai shi kaso da bai ƙara barci mai daɗi ba. Abin da ya ci mashi rai shi ne ni. Ya ce da na busa mashi usur gaban kasuwa duka, da ya yi fushi kwana biyu, ya yi mani faɗa gaban Inna, ya huce, yana tafiya da ƙafafunsa. Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba, kuma a hankali ya faɗe ta, bai ɗaga murya ba.

Na ce mashi ina son in rubuta allo babba a kafa bakin gari. Ya ce wa zai karanta, jaki ko raƙumi? Ya ce idan mota ta taho ma mutum, kai ba ya samun lokacin tuna doka, hannu ne ke tafiya inda ya saba, don haka hannun za a tuna ma. Ya sa aka ɗauko wani jan yadi cikin kayansa, ya yage siriri, ya ce in ɗaura a hannun dama na kekensa, wanda ke jingine a zaure da tanƙwararriyar taya. Na ɗaura.

Ƙafar ta warke amma ta gajarta, fatauci ya gagare shi. Ya kafa rumfar yadi a shigowar gari ta kudu, bakin hanyar da ke zuwa daga Sabon Maci. Duk wanda ya shigo da keken Nijeriya sai ya tsayar da shi, su gaisa, ya ɗaura mashi jan ƙyalle a dama, ya ce idan ka ga mota bi ja. Wanda ya yi gardama sai ya ɗage mashi ƙafar wando. Ba a cika yin gardama bayan nan ba. Abokina ma ya ɗaura ɗaya a madubin kamyonsa, yana kuma faɗa ma shoferorin da ke shigowa daga Nijeriya a tashar Maraɗi. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya rumfar ya gaida Yaya, Yaya ya ce mashi ga mai gajarta mutane ya iso.

Bayan wata biyu aka maido mani da usur. Muka jera duwatsu gefen hanya muka shafa masu farar ƙasa don masu tafiya a ƙasa. Muka dasa itatuwan bedi bayan duwatsun. Da itatuwan suka yi inuwa sai masu gaisuwa suka koma ƙarƙashinsu da kansu. Dokata ta uku da na yi ta busa a kanta har muryata ta dushe, inuwa ce ta cika ta, ba ni ba.

Shekaru bayan haka muka ji a rediyo Nijeriya ma ta koma dama. Muna zaune a rumfarsa. Ya dubi ƙafarsa ya ce, “Sun kyauta. Sai dai sun makara da ƙafa guda.”

Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Bai ƙara tayar mani da maganar ba ko sau ɗaya, amma shekara da shekaru ina jin takunsa idan ya taho masallaci, ɗaya da nauyi ɗaya ba nauyi, kuma na san wa ya sa. Na kan yi tunani, duk mu ukun ba wanda ya yi nufin mugunta. Abokina ya bi abin da aka koya mashi, yayana ya bi abin da aka koya mashi, ni ma ladabin da aka koya mani na bi. Bambancin kawai, su biyun ba su san abin da zai faru ba, ni na sani.

Ban daina girmama na gaba da ni ba, ba kuma zan ce ma kowa ya daina ba. Yanzu ma ni ne tsohon, ni ake jin kunya, shi ya sa nake gaya ma ƴaƴana da jikokina idan sun ga na kauce inda ba daidai ba kar su tsaya kallo. Tsarin ba shi da wuya. Na ɗaya, ka gaida babba. Na biyu, ka faɗa mashi. Kasuwa uku na yi ina cika na ɗaya.