Fanken Leda da Barcin Na'ima a Aji

Kakata ta wajen uba, Iya Abu, ba ta taɓa tambayar mutum ko abinci ya yi daɗi ba. Idan ta ba ka abu da safe ka ce, "Iya, ya yi daɗi," harararka za ta yi ta ce ka riƙe yabonka tukuna. Sai wajen azahar za ta kira ka ta ce, "To, yaushe cikin ya fara kuka?" In ka ce har yanzu bai yi ba, a nan ne za ka ga haƙoranta na goro. Mu yara a rigimar tsufa muka ɗauki wannan hali nata.

A wani ƙauye muka tashi a bayan Roni, gidanmu yana gindin dutse. Da kaka, idan an cire gyaɗa, Iya ba ta barin wutar tuwo ta mutu. Ana idar da isha'i za ta ɗora kasko ta fara suyar gyaɗar ƙuli-ƙuli, mu kuma jikoki mu kewaye ta muna murje ɓawo a faifai. Ladanmu tatsuniya ce. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Buga ludayi take a bakin kasko ta ce, "Ku janye ƙafa daga wuta, ku miƙo mini kunne. Wanda kuma na ga bakinsa yana motsi ba amsa mini yake ba, zai sani."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Tabawa mai waina. Wai a wani gari rijiya ta ƙafe, maza suka shiga haƙa sabuwa a ƙasa mai tsakuwa. Tabawa ce mai toya musu waina da asuba. Ƙullunta na gero ne, tana zuba masa nono da ƙwan zabo, ta toya da man shanu. In suka ci, sai su wuni cikin rami suna sara suna waƙa har la'asar.

Ana nan sai 'yar Tabawa ta haihu a wani gari, Tabawa ta tafi yi mata wankan jego, ta bar wa ƙanwarta Lami tanda. Lami kuwa akwai wayo. Ta ga ruga da nisa, sai ta bar nono ta zuba zuma. Maza suka ce wainar yau ta fi ta jiya. Ta ga neman ƙwan zabo wahala ne, shi ma ta bar shi, ta ƙara zuma, ta ƙara kanwa. A nan Iya takan kumbura kumatunta ta ce, "Waina ta tashi fam, ta yi ja, ƙamshi har bakin kasuwa. Ciki kuwa, 'ya'yan nan, iska ce zalla."

Maza suna ci suna sa wa Lami albarka, amma kafin hantsi ya dubi ludayi sai diga ta gagare su ɗagawa. Su fito su kwanta a gindin tsamiya, jiki yana rawa. Aka ce ai ramin ne yake da mutanen ɓoye. Aka yanka baƙar akuya, aka yi turare, ba abin da ya canza. Dattawa suka yanke cewa a binne ramin, gari ya tashi ya bar gonakinsa da kushewun iyayensa.

Ranar da ake ɗaure kaya Tabawa ta dawo. Kowa yana ba ta labarin abin da wane ya gani a cikin rami, ita kuwa ta dubi babban mahaƙan ta ce, "Malam, da wane lokaci kuke fara jin yunwa?" Ya ce tun rana ba ta yi zafi ba. Ta ɗauki waina ɗaya daga tandar Lami ta matse a tafinta, ta buɗe hannu, abin da ya rage bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce a kwance kaya. Washegari ita ta ɗora tanda, mako bai zagayo ba ruwa ya ɓullo.

Yayana Sani, mai son a hukunta kowa, ya tambayi abin da aka yi wa Lami. Iya ta ce, "An sa ta ci wainarta, aka ba ta tulu ta tafi ɗiban ruwa." Sannan ta sauke kasko ta ce tatsuniya ta soyu, kowa ya buɗe hannunsa ta ga abin da ya ɓoye.

Shekaru suka ja. Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Na yi aure a Kazaure, na sami aiki a sakatariya, safiyata ta zama ta gudu. Abin da ya cece ni shi ne garin fanke na leda, wanda ruwa kawai za ka zuba ka kaɗa, ka zuba a kasko ya yi faɗi. 'Yata Na'ima da shi take karyawa tun tana aji ɗaya, kuma lafiya lau take wuni. Yarinya ce mai baki, ba ta iya ganin tambaya ta ƙyale.

Da ta shiga aji biyu sai ledar ta canza launi, aka rubuta sabon haɗi a jikinta da manyan baƙaƙe. Fanken ya fi tashi, ya fi zaƙi, Na'ima har rawa take yi in ta ji ƙamshinsa. Ba a jima ba malamarsu, Malama Hadiza, ta aiko in zo. Ta ce, "Maman Na'ima, yarinyar nan kafin a fita tara ta kifa kai a benci. In na tashe ta kallona kawai take yi. In haka ta ci gaba, gaskiya sai dai ta maimaita aji."

Babanta ya ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani, ba ta daina ba. Surukata ta aiko da turaren hayaƙi daga Babura, wai baki ne ya kama ta. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni. In na ga takardunta fayau, sai in shiga ɗaki in yi kuka, don na san wannan ba 'yata ba ce.

Wata Asabar ina wanki, ta ci fankenta ta ƙoshi a gabana, ko rana ba ta kai tsakar gida ba sai ga ta tana jan zanina. "Umma, yunwa." Na buɗe baki zan ce ba yanzu kika ci ba, sai na ji muryar Iya a kunnena tar. Na tashi da kumfa a hannu, na ɗauko ragowar fanken na matse. Da na buɗe tafina sai dariya ta kama ni, har Na'ima ta ja da baya.

Mai kantin unguwarmu bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Hajiya, ai na da ɗin akwai madara da waken suya a ciki. Wannan fulawa ce da sukari. Amma wallahi mutane sun fi sonsa." Na ce masa na sani, su ma mahaƙan sun fi son wainar Lami. Ya dube ni kamar na taɓu.

Ranar kasuwa na auno alkama da waken suya da gyaɗa. Na soya, na kai inji, na tankaɗe, na cika bokiti. Da safe in fasa ƙwai a ciki in kaɗa. Na'ima ta gutsura ta yamutsa fuska, wai bai tashi ba, kuma ba zaƙi. Na ce ta riƙe ƙorafinta sai ta dawo daga makaranta.

Sai yanzu na gane abin da Iya take nufi. Baki yana gama aikinsa kafin a wanke kwano, amma sauran jiki shi zai ɗauki mutum har yamma, kuma ba a cika tambayarsa ba. Har yau in na ga an rubuta sabo a jikin leda, tambayar da nake yi ita ce me aka cire.

Ana dab da jarrabawa Malama Hadiza ta sake aikowa. Na tafi makarantar. Na same ta ta dafe kai. Ta ce, "Maman Na'ima, maganar maimaita aji babu ita. Amma don Allah ki ja mata kunne. Ba ta barin kowa ya amsa tambaya, jiya har gyara mini lissafi ta yi a allo, ta hana ajin nan sakat."

Na gyara mayafina na ce, "Malama, ki yi haƙuri, wannan kam ba ni da maganinsa."