Gashin Taubashina

Duk mai son rubuta tarihin Jigawa bisa gaskiya, ya ajiye batun gwamnoni da tituna, ya fara da abin da maza suke ɓoyewa ƙarƙashin hula. Ni na ga an kashe aure a kan gashi, kuma da hannuna a ciki.

Taubashina ne, ɗan gwaggona, mai bas biyu da ke jigila tsakanin Birnin Kudu da Basirka. Sanƙo ya fara cin goshinsa tun bai cika talatin ba. Wanzaminsa ya ce masa, "Alhaji, aikin nan kullum raguwa yake, nan gaba sai dai in riƙa zuwa gaisuwa." Maganar nan ce ta kai shi wani kemis a Kano, ya dawo da ƙananan ƙwayoyi, ɗaya kowace safiya. Wannan fa mutum ne da ba ya cire hula sai wajen alwala da kwanciya.

Da yake Turanci nake koyarwa a sakandare, ni ya kawo wa takardar cikin kwalin maganin, a teburin mai shayi. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa maganin kan raunana maniyyi ga wasu maza. Na gani, na tsallake. Ba kalmar da ake furtawa ba ce mutane suna tsoma burodi. Na ce masa, "Sun ce nan da baɗi sai an nemo maka mai kitso." Aka yi dariya.

Gashi ya daina zuba. Taubashina ya auri wata tela 'yar Basirka, mace mai natsuwa. Shekara biyar ko ɓatan wata ba ta yi ba. Gwaggo ta ɗura mata saiwoyi, ta turara ta da hayaƙi har idanunta suka yi ja, ta kai ta asibiti sau biyu aka ce lafiyarta ƙalau. A gidan suna takan miƙa mata jaririn mutane ta ce, "Ungo juya, ki ji nauyinsa, naki sai a lahira."

A ƙarshe wani likita a Kano ya ce sai mijin ya zo. Ni na raka shi. Bayan gwaji, likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani.

"A'a. Sai dai na gashi."

"Tun yaushe?"

"Shekara bakwai."

Likita ya ajiye biro. Ya ce ba zai rantse ba, amma yana zargin ƙwayar. A daina wata shida a sake gwaji, sau da yawa abin yakan dawo.

Ya daina. Ana cikin wata na uku ya same ni a makaranta, ya ja ni bayan aji, ya cire hula ya nuna mini cikinta. Gashi ne bai kai a ɗinke maɓalli da shi ba.

"Malam, dubi. Ni za a mayar ƙwarya?"

"Ƙwaryar ma ai ana shan fura da ita," na ce, ina jin daɗin kaina.

Washegari ya koma kan ƙwayarsa. Ya gaya wa Gwaggo likita ya wanke shi. Ina zaune ya faɗa, ina cin gyaɗa.

Matar ta tare ni a soro. "Malam, kai ka je da shi. Me likita ya ce?"

"Haihuwa ai ta Allah ce."

"Na sani, Malam. Abin da likita ya ce nake tambaya."

Na duba agogona, na ce ina da aji. Ranar Asabar ce.

Bayan salla ƙarama Gwaggo ta ce a sallame ta. Da yake rubutuna yana da kyau, ni aka bai wa takardar sakin na rubuta, ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. A bas ɗinsa aka ɗora keken ɗinkinta.

Ta yi idda, ta auri wani manomi a Maruta. Kafin damina biyu aka aiko mana da goron suna, na je. Mijin sanƙo gare shi tun daga goshi har ƙeya.